Ina za a kai yara su ga ruwa a Jos?

'Yar uwa, kin tambayi inda za ki kai yara yawon Sallah a Jos, wurin da akwai ruwa da sarari. Ni dai Rayfield zan fara ce miki. Tafkin nan asalinsa ramin haƙar kuza ne, ruwa ya cika shi, yanzu har kwale-kwale ake hawa. Ki je da hantsi kafin a cika, ki riƙe musu rigar sanyi, don iskar yammar Jos ba ta da wasa.

Amma ga abin da ya fi damuna. Irin waɗannan ramukan kuza suna nan birjik daga Bukuru har Barikin Ladi, kuma ba kamar kogi suke ba. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya. Ruwan ya kwanta luf, yaro ya ga kamar ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, taku biyu sai ya nutse. Don Allah kada ki bar kowa ya shiga wanka, ko da babban cikinsu ne. A kwale-kwalen ma sai da rigar ceto, in babu a haƙura.

Dam ɗin Lamingo ruwan shan gari ne, kallo kawai za ku yi, ga duwatsun Shere a gefe. In dabbobi suke so, ki kai su gandun namun dajin Jos, wanda aka kafa a 1972. Assop kuma, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, yana hanyar Abuja, wajen Hawan Kibo. Da damina duwatsun wurin santsi gare su, ki riƙe hannun ƙananan.