Ƙanwata, kife littafin ki ga me ya zauna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce saura sati shida ki rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, kina zama awa uku gaban littafi amma hankalinki na can wani wuri, in kin tashi kamar an ɗebi ruwa da kwando. Ba ke kaɗai ba ce, ni ma na sha wannan.

Shekarar da na fara rubuta jarrabawar nan, kwana nake a zaune. Bayan isha'i in haɗa shayi mai kauri, in jefa goro a baki, in tasa fitilar caji a gaba har kiran assalatu. Mutanen gida sai yabo suke, wai yaron nan ko barci ba ya yi. Da sakamako ya fito, ko kusa da makin da ake nema ban kai ba. Ashe duk daren nan kallon takarda nake, ido na bin layi, zuciya na gidan kallon ƙwallo.

Kawuna ne ya gyara min zama, kuma alaramma ne, bai taɓa shiga ajin boko ba. Wata rana ya same ni a zaure, ya karɓi littafin kemistirin da ke hannuna ya kife shi a kan tabarma, ya ce, "To, kawo min abin da ka karanta." Na yi tsuru-tsuru. Shafi huɗu na wuce, ko layi biyu ban iya kawowa ba. Ya yi dariya ya ce su a tsangaya almajiri ba ya wanke allo sai ya juya shi ya kawo karatun da ka, ni wa ya ba ni izinin buɗe sabon shafi?

Tun daga ranar na canza. In na karanta ɗan sashe, sai in rufe, in ɗauki farar takarda in rubuta duk abin da na tuna, sannan in buɗe in duba inda na yi tuntuɓe. Da wuya, har haushin kanki za ki ji a kwanakin farko. Amma ki lura, hankali ba ya samun damar yawo in ya san nan da minti goma za a tambaye shi. Daga baya na ga masana ma sun gwada abin. A 2006 wasu malamai biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun kwatanta ɗalibai masu maimaita karanta rubutu da masu rufewa su gwada tunawa. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, bayan sati guda kuwa masu gwada kansu suka wuce su. Shi ya sa maimaitawa ke yaudara, a take sai ki ji kamar kin iya.

Awa ukun nan kuma ki yanka ta. Akwai tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi, ana ce masa Pomodoro: karatu na minti 25, hutu na minti 5. Ni dai a darasin lissafi minti 25 ta yi min kaɗan, ina fara kama zaren sai lokaci ya cika, don haka 40 nake yi. Ki gwada ki ga naki. Hutun na miƙe ƙafa ne da shan ruwa, ba na leƙa WhatsApp ba.

Waya kam, kada ki yaudari kanki da kashe mata sauti. Ki miƙa wa Umma ta ajiye a ɗakinta. In tsofaffin tambayoyin JAMB da kike bita a ciki suke, kashe data kafin ki zauna. Ki kuma ajiye 'yar takarda a gefe, duk tunanin da ya faɗo, ɗinkin biki ne ko bashin wata, ki rubuta shi ki ci gaba.

Ki bar kwanan zaune. Sinadarin da ke hana barci a goro da shayi da kofi yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, in kin sha da daddare kin ci barcinki kin kuma ci safiyarki. Mafi albarkar lokaci a wurina bayan asuba ne, kafin gari ya ɗau zafi yara su fara kai da kawo. Na san ke mace ce, shara da wanke-wanke na jiranki a lokacin. Ki zauna da Umma cikin ladabi ki roƙi awa ɗaya da rabi na sati shidan nan, ƙanne su riƙe miki.

Sai batun sauri. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Ingilishi 60, sauran ukun 40 kowanne, wato kusan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Duk Asabar ki saita agogo ki amsa cikakkiyar jarrabawa ba tashi, in da hali a kan kwamfuta don hannunki ya saba. Ki faɗo min darussa ukun da kika haɗa da Ingilishi da wanda ya fi ba ki wahala, sai in nuna miki yadda za ki raba kwanakin.