Yadda za ka koya wa harshenka sanin ganyen shayi

Ka tambaye ni jiya da dare, muna tattara teburi a Ƙofar Ƙaura, yadda nake gane ganye mai kyau kafin in saye shi katan-katan. To saurara, ɗana.

Harshe ba ya gane abu in shi kaɗai ne, sai an jera masa biyu ko uku ya kwatanta. Amma a kowane zama abu ɗaya tak za ka canza. Ranar farko ka kawo ganye uku: Lipton, da Highland na tsaunin Mambila a Taraba, da koren ganyen Sin wanda Buzaye ke dafawa a 'yar butarsu kan gawayi. Ruwa ɗaya, kofi iri ɗaya, kowanne minti 3, babu sukari babu madara. Sukari rufin asirin mugun ganye ne.

Wata rana kuma ganye ɗaya, ruwa uku: na rijiya, na famfo, da fiya wata. Nan ne na sha mamaki lokacin ina yaron shago kamarka. Ruwan rijiyar unguwarmu yana sa shayi ya yi duhu, wata 'yar fata ta kwanta a saman kofin, in ka karkata shi ka ga tana tsagewa. Na daɗe ina ɗora wa ganye laifi, ashe ruwan ne. Citta da kanumfari da na'a-na'a, su ma ka ba kowanne ranarsa.

Sannan kada ka zuba da hannunka. Ka sa ƙaninka ya zuba, ya ɓoye kwalayen, don ido yana yaudarar harshe. Ko Turawa sun ga haka. A 1976 aka yi gasar ɗanɗanon giyar inabi a Paris, aka ɓoye sunayen kwalabe, sai ga alƙalan Faransa sun fifita ta Kalifoniya a kan tasu. Mu ba ruwanmu da giya, Allah Ya tsare, dabarar ɓoye suna kawai za mu ɗauka.

Tsakanin kofi da kofi ka kurkure baki, ka ɗan gutsuri burodi. Kada ka ci goro kafin ka zauna, ɗacinsa zai bi ka har kofin ƙarshe. Gobe bayan sallar Asuba, kafin direbobin tasha su fara zuwa, ka wanke mana kofunan gilashi uku, ka hura wuta.