Sarkin Jamus da ya karɓi Ƙudus ba tare da yaƙi ba

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani sarkin Jamus mai jin Larabci da ya karɓi Ƙudus daga hannun Musulmi ba a zubar da jini ba. Gaskiya ne? Me ya bari a bayansa?

Amsa: Gaskiya ne. Sunansa Faredirik na Biyu. An haife shi a 1194, ya tashi maraya a Palermo da ke tsibirin Sisili, masarautar da ya gada, inda Musulmi ke da yawa a lokacin, can ya iya Larabci. An naɗa shi sarkin sarakuna a birnin Rum na Italiya a 1220.

Tun 1215 ya yi alkawarin fita yaƙin 'yan Salibiyya, ya yi ta jan ƙafa. Da ya tashi a 1227, annoba ta faɗa wa rundunarsa, ya juyo, Fafaroma Giregori na Tara ya kore shi daga coci. A haka ya isa Akka, tashar jiragen ruwa a gaɓar Falasɗinu, a 1228 da ƙaramar runduna.

Sarkin Masar, Al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, shi ya fara aiko wa Faredirik da manzo, Fakhruddin, saboda tsoron ɗan'uwansa Al-Mu'azzam na Dimashƙa. Al-Mu'azzam ya rasu a 1227, amma rikicin gadon Sham ya sa Al-Kamil bai son buɗe wani fagen daga. Aka yi watanni ana ciniki, aka ƙulla yarjejeniyar Yafa a Fabrairun 1229: tsagaita wuta na shekara goma, Kiristoci su karɓi Ƙudus da Baitalami da siririyar hanya zuwa bakin teku, Masallacin Aƙsa da Ƙubbatus Sakhra su zauna a hannun Musulmi. A lura, an rushe ganuwar birnin tun 1219, ke nan gari ne da ba ya tsaruwa. A 1244 mayaƙan Khawarizm, 'yan asalin tsakiyar Asiya, suka ƙwace shi.

Ba wanda ya gode wa sarakunan biyu. Malamai a Dimashƙa suka yi ta wa'azin Allah wadai da Al-Kamil, shi kuma Faredirik, ranar da zai bar Akka, mahauta suka jefe shi da kayan cikin dabbobi.

Kada a ɗauka masoyin Musulmi ne. Shi ya murƙushe tawayen Musulmin Sisili, ya kwashe su zuwa Lucera a kudancin Italiya, ya bar musu masallatansu, ya mai da su maharban rundunarsa, tunda tsinuwar Fafaroma ba ta aiki a kansu.

A Italiya ya kafa jami'ar Napoli a 1224, ya fitar da kundin dokokin Melfi a 1231. Jamus kuwa sakaci ta gani. Don a bar shi ya fuskanci Italiya, ya sallama wa bishop-bishop a 1220, da hakimai a 1232, ikon buga kuɗi, karɓar kuɗin fito da yanke shari'a. Ya mutu a 1250, aka yi ta rigimar sarauta har 1273 da aka zaɓi Rudolf na gidan Habsburg.