Kerkeci ya cinye ɗan rago kuma ya tafi lafiya: me za a ce wa yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina karanta wa 'yan ajina tatsuniyoyin Isof na ƙasar Girka. Mun zo kan labarin kerkeci da ɗan rago, inda kerkeci ya cinye shi ba laifin tsaye ba na zaune, a ƙasan labarin kuma aka rubuta wai hujjar mai ƙarfi ita ce kullum a sama. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ke nan idan na fi ƙanena ƙarfi ni ke da gaskiya?" Wallahi na rasa bakin magana. Shin zalunci littafin nan yake koya wa yara? In daina karanta musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki daina. Yaron nan ya kama daidai inda gizo ke saƙar, kuma manya da yawa a nan suke tuntuɓe.

Jimlar da ke ƙasan labarin ba daga bakin Isof ta fito ba. Babu rubutu ko ɗaya da ya iso mu daga hannunsa. Masanin tarihin Girka Hirodotus ya ambace shi a matsayin bawa a tsibirin Samos, ana kuma sa rayuwarsa a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, amma sai wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya wani masanin Girka, Dimitiriyus na Falerom, ya tara labaran a littafi, littafin ma kuma ya ɓata. Masu tarawa da masu kwafa na baya su ne suka riƙa liƙa wa kowane labari "darasi", wani ya dace, wani kuwa kamar an ɗinka wa jaki rigar doki. Maganar da ta tayar miki da hankali ta mawaƙin Faransa ce, Lafonten, a littafinsa na 1668, kuma da takaici ya faɗe ta, kamar yadda mutum zai ce "ai mai kuɗi ba ya laifi" alhali zuciyarsa tana tafasa.

Duba yadda mawaƙi Fedrus ya ba da labarin a Roma a ƙarni na 1 Miladiyya. Kerkeci yana sama da rafi, ɗan rago yana can ƙasa. Kerkeci ya ce ka gurɓata mini ruwa. Ɗan rago ya ce ta yaya, ruwan daga wajenka yake gangarowa. Kerkeci ya ce to wata shida da suka wuce ka zage ni. Ya ce lokacin ko haifata ba a yi ba. Ya ce to ubanka ne, ya damƙe shi. Fedrus da kansa ya rufe da cewa an rubuta wannan saboda masu danne marasa laifi da dalilan ƙarya. Shi ma 'yantaccen bawa ne, kuma a gabatarwar littafinsa na 3 ya ce bayi ne suka ƙago irin wannan labari don ba su da halin faɗin abin da ke ransu a fili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi, shi ne masu ɗaukar kowace tatsuniya a matsayin umarni. Za ki ga mutum a Facebook ya naɗa wa kansa rawanin mai zaburar da matasa, ya yanko jimla ɗaya, ya rubuta "hikimar Girkawa", ya ce wa yara ku zama kerkeci. Bai karanta labarin ba, bai san wa ya faɗa ba, bai san wa aka faɗa wa ba. Wannan ɓarna ce, domin matashin da ya ji an jingina zalunci ga "masu hikima" zai yi shi hankali kwance. Alhali tun labarin dabbobi mafi daɗewa da muke da shi a adabin Girka, na shaho da ya cafke wata tsuntsuwa mai daɗin murya yana gaya mata wawa ne mai ja da wanda ya fi shi ƙarfi, mawaƙi Hesiyod ya faɗe shi ne ga sarakuna masu cin hanci, yana cikin rigimar gado da ɗan'uwansa. Nuna musu kamanninsu yake yi. Wanda ya ce Hesiyod yabon shaho yake, ya juya wa mawaƙin magana.

Har labarin yanyawa da kaska ake wa wannan cin amanar. Masanin falsafar Girka Aristotal ya kawo shi: yanyawa ta maƙale a wani rami a bakin kogi, kaska ta lulluɓe ta, bushiya ta ce bari in cire miki, ta ce bar su, waɗannan sun ƙoshi, in kin cire su mayunwata za su zo su shanye sauran jinin. Na sha jin ana kafa hujja da shi cewa a bar ɓarawon da ya ƙoshi a kan kujera. Amma Aristotal ya faɗi inda aka yi maganar: Isof yana kare wani ɗan siyasa ne a Samos da ake neman yanke wa hukuncin kisa. Hujjar mai kare wanda ake tuhuma ce a shari'a guda, a rana guda. Cire ta daga nan a mai da ita dokar rayuwa rashin adalci ne ga labarin da masu sauraro baki ɗaya.

Shi ya sa ma darussan ke karo da juna. A wani labarin tururuwa ce abin koyi, ta tara abinci fara tana waƙa. A wani kuma an ce tururuwa asali manomi ne mai satar amfanin gonar maƙwabta, Zus, babban abin bautar Girkawan da, ya mai da shi ƙwaro, halin bai bar shi ba. Mu da muka tashi da Gizo bai kamata wannan ya ruɗe mu ba; kakanninmu ba su taɓa ba mu labarin ha'incinsa don mu kwaikwaya ba.

Gobe idan kin shiga aji, Malama, rufe jimlar ƙasan da tafin hannunki. Sake karanta labarin, ki ce su ƙirga dalilan kerkeci da yatsu, su gaya miki wanne ne gaskiya a cikin ukun. Sannan ki juya ga yaron nan ki tambaye shi: idan shi ne yake tsaye a bakin rafin yana kallo, wa zai ba gaskiya, kuma me zai yi?