'Ya'yan tarwada masu ninkin kuɗi: a saya ko a ƙyanƙyashe na gida?

Tambayar wannan makon daga wani ɗan kasuwa take a Sabon Garin Zariya. Sana'arsa sayar da bandar kifi, bara kuma ya gina tankunan siminti huɗu a Dakace ya fara kiwon tarwada. Ga abin da ya ce: "Wani mai ƙyanƙyasa ya kawo mini tallar 'ya'yan tarwada, ya ce ingantaccen iri ne da aka yi wa binciken ƙwayoyin gado a ƙasar waje, kuɗinsu ninki biyu na waɗanda na saba saye. Abokina kuma ya ce asarar kuɗi ce, in ware manya daga cikin nawa in riƙa ƙyanƙyasa da kaina. Wanne zan bi?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka cika tankunanka huɗu da kifin mai tallan nan tukuna, kada kuma ka bi shawarar abokinka yadda ya kawo ta.

Ingantaccen iri dai gaskiya ne, kuma mu a Zariya ba baƙon zance ba ne. Kazar Shika Brown a nan cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika aka samar da ita, ta hanyar zaɓen iyaye shekara da shekaru ana rubuta abin da kowace ta yi. Haka ake yi wa kifi. A ƙasar Norwe, tun 1971 masana suka fara tattaro kifin salmon daga koguna kusan 40, suka raba su gida-gida, suna auna 'ya'yan kowane gida, suna barin mafi kyau su zama iyaye. Bayan zuriya biyar, kifin ya ninka na kogi saurin girma, kuma abincin da yake ci kafin ya yi kilo ɗaya ya ragu. A 1988 aka fara irin wannan aiki a kan karfasa a ƙasar Filifin, ƙarƙashin cibiyar da yanzu ake kira WorldFish. Sun haɗa karfasar daji daga Masar da Gana da Kenya da Senegal da wasu iri huɗu da ake kiwo a Filifin. Abin da ya fito shi ne karfasar GIFT, wadda bayan zuriya biyar ta fi iyayenta na farko saurin girma da kusan kashi 85 cikin 100. Ba a dasa mata ƙwayar wata halitta ba, zaɓe ne kawai da rubutu.

Binciken ƙwayoyin gado daga baya ya shigo, aikinsa shi ne ƙara wa zaɓen kaifi. Akwai wata cuta mai suna IPN da ke karkashe 'ya'yan salmon. Tsakanin 2008 da 2009 masana a Sukotlan da Norwe suka gano cewa kusan wuri ɗaya ne a cikin gadon kifin yake yanke ko zai jure cutar ko zai mutu. Daga nan sai a gutsuri ɗan fiffiken kifi, a yi masa gwajin DNA, a san ko ya dace da zama uba, ba sai an jira cuta ta faɗa wa 'ya'yansa ba. Cikin 'yan shekaru ɓarkewar cutar ta ragu ƙwarai a gonakin kifin Norwe.

To, ka lura: duk wannan a kan salmon da karfasa aka yi shi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, amma yawancin masu ƙyanƙyasa a ƙasar nan ba su da littafin da ke nuna wane kifi ne ya haifi wane. Wannan abu yana damuna, domin dubban mutane ne ke zuba jarinsu a kan irin da ba wanda ya san asalinsa. Akwai wadda ake kira 'yar Holan, tarwadar Afirka ce da aka yi ta kiwo a can ta saba da tanki, aka dawo da ita. Tana da kyau, amma bayan shekaru ana cakuɗa ta da duk abin da ya samu, sunan ne ya rage a bakin masu talla. Akwai kuma haɗin tarwada da ramboshi, mai girma sosai idan an ba shi lokaci. Kowanne daga cikinsu mai talla zai iya kira maka ingantacce.

Saboda haka ka je wurin ƙyanƙyasar da ƙafarka. Ka ce a nuna maka iyayen, ka tambayi inda aka samo su da shekarar da aka kawo su, da yawan mata da maza da ake amfani da su. Ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe waɗanda za a sayar maka, domin akwai masu tara tsumburarru, kifin da ya yi watanni bai girma ba, su sayar da shi a matsayin ɗan makonni. Ka sa a ɗebo maka a roba ka duba: girmansu ya zo ɗaya? Akwai mai lanƙwasasshen baya, ko mai ƙaton kai da siririn jiki? Sannan ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka saya suka kai ga girbi. Wanda ke da iri na gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, domin a nan ya fi abokan gasarsa.

Yanzu ga lissafin, wanda shi ne zuciyar maganar. A kiwon tarwada abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, kuɗin 'ya'yan kifi kaɗan ne a kansa. Mu ƙaddara kana son fitar da kilo 1,000. Idan wani iri yana cin kilo 1.2 na abinci kafin ya ƙara kilo ɗaya, wani kuma sai ya ci kilo 1.5, bambancin kilo 300 ne, wato buhu 20 na mai kilo 15. Ka buga kuɗin buhu 20 a farashin yau, ka ajiye shi kusa da ƙarin da mai tallan yake nema. Idan kifinsa da gaske yana rage cin abinci haka, ninki biyu ba tsada ba ce. Idan kuwa baki ne kawai, ka yi asarar ƙarin, ka kuma ciyar da shi watanni a banza.

Hanyar sani ita ce gwaji, kuma kana da tankuna huɗu. Ka zuba nasa a biyu, ka zuba na wanda ka saba saye a biyu, rana ɗaya, adadi ɗaya, girma ɗaya, abinci iri ɗaya, canjin ruwa lokaci ɗaya. Ka sayi sikeli da littafi. Kowane buhu da aka buɗe a rubuta tankin da ya ci, kowane kifi da ya mutu a rubuta. Duk sati biyu a ɗebi kamar 30 daga kowane tanki a auna. Ka sa ido a kan yaron da ke ba da abincin, domin idan ya ji an ce waɗannan masu tsada ne, hannunsa zai fi sakin abinci a wurinsu, gwajin ya lalace. Kada kuma ka fara a watan Disamba ko Janairu. Tarwada ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, hunturun Zariya kuwa yana sanyaya tankin siminti har kifi ya rage ci. Ka bari sanyi ya wuce.

Tunda kai mai banda ne, ba kifin kilo biyu kake nema ba. Matsakaici kake so, mai girma ɗaya, wanda zai gasu tare a kan waya ya kuma sayu a farashi ɗaya. Don haka yawan waɗanda suka rayu da daidaiton girmansu sun fi maka amfani a kan ƙaton guda ɗaya da za a ɗaga a nuna maka.

Sai shawarar abokinka. Tarwada mace mai kilo ɗaya tana ba da ƙwai dubbai masu yawa a zubi ɗaya, namijin kuma yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa. Ke nan mai yiwuwa ne duk kifin da ke tankinka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Idan ka haɗa su, 'ya'yan farko za su iya yin kyau, amma in aka ci gaba sai girma ya ja baya, nakasa da mutuwa su ƙaru. Manyan da ya ce ka ware kuma, da yawansu irin waɗanda masu kiwo ke kira shuta ne, wato waɗanda suka yi zarra tun suna ƙanana ta hanyar haɗiye 'yan uwansu. Wani kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne a sayar da manya da wuri saboda buƙatar kuɗi, sai ragowar da ba su sayu ba su zama iyaye. Mai yin haka yana zaɓen iri ne shi ma, amma zuwa baya.

Ƙyanƙyasa sana'a ce mai zaman kanta, tana buƙatar ruwa mai tsabta da ba ya yankewa, da allurar sa ƙwai, da mai kwana a kan aikin. Idan nan gaba ka ƙudura shigarta, ka samo mata daga wata gona, maza daga wata mai nisa, ka yi amfani da iyaye da yawa, ka riƙa sabunta su. Kafin nan ka leƙa ofishin NAERLS, cibiyar yaɗa dabarun noma ta ƙasa da ke Samaru, ka nemi jami'an gona masu kula da harkar kifi, ka kuma tuntuɓi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, da ke New Bussa a Jihar Neja, kan inda ake samun iyaye masu asali. Mai tallan kuma ka gaya masa na tanki biyu za ka ɗauka yanzu, sauran cinikin sai bayan girbi, idan littafinka ya nuna kifinsa ya rage maka buhunan abinci.