Ɗana ya daina wasa da barci, ko aljanu ne?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 12 ya daina wasa, yana kwana ido biyu, har fitsarin kwance ya dawo, maƙwabta kuma sun ce aljanu ne. Alamomin damuwa ke nan, irin waɗanda na so a ce ana koya mana a Islamiyya da taron iyayen yara.

Ki ci gaba da addu'a, amma don Allah kada a doke shi. Bayan isha'i ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi a hankali ko wani na cin zalinsa. Idan abin ya wuce mako 2, in kina Kano, ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano.