Daga Intel zuwa Ryzen: ba furosesa kaɗai za ka canza ba

Malam, ka ce kwamfutar da ka haɗa da hannunka tana da Core i5-7400, RAM DDR4 giga 16, katin hoto GTX 1650 da SSD, kana so ka koma Ryzen 5 5600, kuma kana tambaya ko za ka cire tsohon furosesa kawai ka dasa sabo, Windows ta ci gaba da aikinta. A'a, ba zai shiga ba. Furosesanka yana zama a gurbin LGA1151, shi kuwa 5600 gurbinsa AM4 ne. A Intel alluran suna cikin gurbin, a AM4 kuma suna jikin furosesan. Dole ka sayi sabuwar madabod, wadda masu gyara a nan Damagaram suke ce wa kart-mer.

Kada wannan ya sa ka fasa, don ko Intel ɗin ka tsaya, kuɗin madabod ba za ka tsere masa ba. Allon, wato madabod ɗin, da ke ɗaukar 7400, H110 ne ko B250, iyakarsa furesoshin Intel zubi na 7, zubin da 7400 yake ciki. Zubi na 8 da na 9 suna kama da shi a gurbi amma ba sa tashi a kansa. Kuma 7400 ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Zaɓinka ma yana da hujja: AM4 yana aiki da DDR4, RAM ɗinka ba za ta zama asara ba. Da AM5 ka nufa, wato Ryzen 7000 zuwa sama, sai DDR5 kaɗai, kuma tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba, ko ka danna da ƙarfi ba za ta zauna ba.

SSD, katin hoto, akwati da akwatin wuta duk za su bi ka, muddin akwatin wutar yana da filogi mai allura 24 da mai 8 na furosesa. Ka lura, mai 8 na furosesa ba shi ne mai 6+2 na katin hoto ba, sun yi kama amma wayoyinsu ba ɗaya ba ne. Fankar Intel mai ƙafa huɗu da ake dannawa ba ta hawa AM4. Idan 5600 ɗin a kwalinsa yake, da fanka yake zuwa, Wraith Stealth. Tana aiki, amma a ɗakin da babu sanyi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40, ni da na ƙara kuɗi na sayi fanka mai tsayi da bututun tagulla, bayan na tabbata akwai ƙarafan AM4 a kwalinta.

Abu biyu ne suka fi sa mutum ya haɗa komai ya kunna, fanka na juyawa, allon kallo baƙi ƙirin. Na farko, 5600 ba shi da hoto a cikinsa. Ramin HDMI da ke bayan madabod a mace yake da wannan furosesa, wayar allon kallo a katin hoto za ka soka ta. Mai hoto a ciki shi ne 5600G, haka a Intel duk mai F a ƙarshen suna ba shi da shi. Na biyu BIOS ne, ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Madabod B450 ta riga Ryzen 5000, dangin 5600, fitowa, har wasu B550 na farko ba su san shi ba sai an sabunta su. Ka duba kwalin ko akwai tambarin da ke cewa ta shirya wa Ryzen 5000. In babu, ka nemi mai maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ke aiki ko babu furosesa: kile USB da aka goge a FAT32, fayil ɗin da sunan da littafin allon ya ce, ka jona filogin 24 da na 8, ka danna, ƙaramar fitila ta yi ta ƙyaftawa na wasu mintoci, kada ka taɓa har ta tsaya. Wannan aikin a kan ondular ake yin sa, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Idan daga Kano ko Yamai za a kawo maka kayan, ka sa mai shago ya ɗora furosesan a kan allon ya kunna, a turo maka hoton BIOS da sunan 5600 a jiki, kafin a ba direba saƙo. Mayar da kaya ya fi sayensu wuya.

Yanzu Windows, kuma a nan ne aikin yake tun kafin ka ɗauki sukundireba. Ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifai. Ka rubuta manage-bde -status ka ga ko BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne. In yana kunne, ka kashe shi ko ka rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, don kullin faifan yana ɗaure da TPM, guntun tsaro na tsohon allo, sabon bai san shi ba, kuma in lambar ta ɓata babu mai gyaran da zai buɗe maka faifan. Ka haɗa lasisin Windows da asusunka na Microsoft, domin Windows tana ɗaukar sabuwar madabod a matsayin sabuwar kwamfuta. Lasisin da aka saya shi kaɗai yana ƙaura, na OEM kuwa, wanda ake ɗaurewa da kwamfuta ɗaya, yawanci yana mutuwa da allonsa. Sannan ka buɗe msinfo32 ka duba layin Mode BIOS. In ya ce UEFI, lafiya. In ya ce Hérité, faifanka a tsohon tsarin MBR yake, sabon allo ba zai gan shi a jerin tashi ba sai ka kunna CSM a BIOS, saitin da ke karɓar tsohon tsari, ko ka juya shi zuwa sabon tsarin GPT da umarnin mbr2gpt tun yana kan tsohon allon. Haka idan saitin SATA, hanyar jona faifai, a tsohon BIOS yana kan Intel RST maimakon AHCI, shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne zai tarbe ka.

Sau da yawa tsohuwar Windows takan tashi a kan AMD bayan ta sake kunna kanta sau biyu ko uku. Duk da haka shawarata ka zuba sabuwa, tunda dama 11 za ka koma. Kile mai giga 8 ya isa, ka kunna fTPM, wato TPM na AMD, a BIOS, ka sauke direban intanet na allon da direban chipset na AMD tun yau ka ajiye a kilen, kada ka gama haɗawa ka tarar ba ka da hanyar sauke komai.

Wajen haɗawa, ka ƙirga ƙusoshin tagullar da allo ke zama a kansu cikin akwati. Ɗaya ya rage a inda sabon allon ba shi da rami, zai taɓa bayansa ya haɗa wuta. Furosesan kuma ka riƙe shi ta gefe, ka ɗaga sandar gurbin, ka daidaita ƙaramin kusurwar zinariya da alamar da ke gurbin, ka sake shi ya faɗa da nauyinsa. In bai zauna ba, kada ka danna, allura ce za ta lanƙwashe. Man zafi kamar ƙwayar wake a tsakiya ya wadatar, fankar kwali ma da nata a shafe take zuwa. Ran da za ka cire fankar don kakkaɓe ƙurar hunturu, ka bar injin ya ɗumama tukuna, ka murɗa ta hagu da dama kafin ka ja, in ba haka ba takan fizgo furosesan daga gurbinsa yana manne da ita.

RAM in sanda biyu ce, rami na biyu da na huɗu daga furosesa. In 2400 ce irin ta zamanin 7400, za ta yi aiki, sai dai Ryzen 5000 ya fi sakewa a 3200. In dama 3200 ce, ba za ta kai can da kanta ba sai ka kunna XMP, saitin saurin RAM a BIOS, wanda ASUS ke kira DOCP, MSI kuma A-XMP.

Wuri ɗaya zan ce ka dakata: in sana'arka haɗa bidiyon biki ce kuma manhajarka ta dogara da Quick Sync, fasahar Intel ta hanzarta sarrafa bidiyo, ka gwada ta da takwararta NVENC ta GTX 1650 ɗinka tukuna. In ta karɓa, ci gaba da shirinka. In ba ta karɓa ba, ka duba i5-12400 marar F a kan allon LGA1700 mai DDR4, shi ma zai ɗauki RAM ɗin da kake da ita.